Macijin da Doka Ke Karewa: Fashin Baƙi Kan Mai Kacau-kacau na Kan Duwatsun Arizona da Meksiko

Ta yaya hukuma mai hankali za ta kafa dokar kare maciji mai dafi, har ta hukunta wanda ya kama shi ko ya kashe shi? Tambayar da kawuna ya jefo mini ke nan ranar da na nuna masa wani guntun bidiyo a waya. A 2024 masana daga jami'ar Cal Poly ta Kalifoniya suka girke kyamara a bakin wani kogo a jihar Kolorado ta Amurka, inda ɗaruruwan macizai masu kacau-kacau a wutsiya ke taruwa suna shan hantsi suna haihuwa, duniya na kallo kai tsaye a YouTube. Guntayen bidiyon sun zagayo har wayoyinmu. Kawu ya ƙura wa allon ido kamar minti guda, ya ture hannuna, ya ce, “Kai yaro, su mutanen nan ba su da fetur ne?”

Na ce, “Kawu, ai waɗannan da sauƙi. Akwai wani ƙaninsu a kan duwatsun kudu, wanda in ka kama shi sai ka yi bayani gaban alƙali.” Ya yi salati ya tafa hannu.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya taɓa goya maƙwabci a babur cikin dare bayan saran kububuwa, jini na tsattsafowa ta dasashi, ba za ka zaunar da shi kana masa wa'azin tausayin maciji ba. Sai dai wanda nake nufi daban ne, ƙasarsa daban, kuma in aka auna tsakaninsa da mutum, shi ne ke kwana da fargaba.

## Wane ne maciji mai kacau-kacau?

Babu shi a Afirka, babu shi a Turai ko Asiya. Duk irinsa, sama da 30, a nahiyar Amurka suke, daga kudancin Kanada har Ajantina, kuma Meksiko ta fi kowace ƙasa yawan iri. Jihar Arizona kaɗai tana da 13. Masu jin Sifaniyanci na ce masa cascabel, wato 'yar ƙararrawa, kuma shi ne macijin da gaggafa ta cafke a tsakiyar tutar Meksiko. Dangin kasa da kububuwa ne na nesa. Kansa mai faɗi ne, da dogayen fiƙoƙi biyu masu naɗewa cikin baki kamar askar wanzami, sai zai yi sara suke miƙewa.

Abin da ke wutsiyarsa ba shi da tsakuwa a ciki kamar cakin makaɗa. Busassun zobba ne, fanko, daga irin abin da aka yi farcen mutum da ƙahon sa, kowanne ya saƙala cikin na gabansa sako-sako. In ya kaɗa wutsiya sai su riƙa bugun juna, sau 50 ko fiye cikin daƙiƙa ɗaya. Duk sanda ya yi saɓa, zobe guda ke ƙaruwa daga gindi. Wani bincike da aka wallafa a 2021, ƙarƙashin masana na jami'ar Graz ta Ostiriya, ya gano wata dabara a jikin babban irinsu na hamada: yana ƙara saurin kaɗawa sannu a hankali yayin da abu ke matso shi, har wajen sau 40 a daƙiƙa, sai farat ɗaya ya zabura zuwa tsakanin 60 da 100. Kunnen mai tahowa sai ya raya masa cewa ya riga ya iso kan macijin, ya ja birki alhali da sauran tazara.

Manomin da ya san kububuwa ya san irin wannan gargaɗi. Ita jikinta take naɗewa tana goga ɓawon da juna, a ji sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Kasa kuma huci take yi. Saƙon duka ɗaya ne: ga ni nan, kada ka taka ni.

Abu guda da yake da shi wanda kasa da kububuwa ba su da shi shi ne wani ɗan rami tsakanin ido da ƙofar hanci, ɗaya a kowane gefe. Da shi yake jin ɗumin jikin ɓera ko tsuntsu ko da cikin duhun da ba a ganin tafin hannu. Mesa ma tana da makamantansa jere a leɓenta.

## Ɗan ƙaramin da ke kan tudu

Wanda ake magana a kansa masana na kiransa Crotalus willardi. Seth Meek, wani masani a gidan adana kayan halittu na Field da ke Shikago, shi ya fara bayyana shi a 1905, ya raɗa masa sunan Frank Willard na garin Tombstone, wanda ya samo shi a duwatsun Huachuca, da ake furtawa Wacuka. Shi ne irin mai kacau-kacau na ƙarshe da aka gano a cikin ƙasar Amurka, kuma duk wanda ya gan shi zai gane dalilin jinkirin.

Babbansa bai fi kamu ɗaya da ɗoriya ba, tsakanin santimita 30 da 60. Launinsa ja-ja ne mai ƙasa-ƙasa, sak busasshen ganyen da yake kwanciya a ciki, da siraran layuka farare da suka gitta bayansa. A fuska yana da fararen zane masu haske, kamar tsagar gado, daga hanci zuwa muƙamuƙi. A gefen hancin kuwa ɓawon ya ɗago sama ya yi ɗan tudu kewaye, kamar kunyar gona, daga nan Turawa suka samo masa suna. Da Bahaushe ne ya fara ganinsa da ya ce masa mai kunya, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin halinsa ma ke nan. Yana iya kwanciya taku ɗaya daga ƙafarka bai motsa ba. In ma ya kaɗa wutsiyar, ƙararta ba ta fi kukan gyare ba, kuma iska kaɗan in ta taso ta shanye ta. A nan za mu riƙa ce masa mai tudun hanci.

A 1986 majalisar Arizona ta ayyana shi a matsayin dabba mai jan ciki ta jihar, bayan ƙuri'ar da 'yan makaranta suka kaɗa. Yawancin yaran da suka zaɓe shi a hoto kawai suka san shi.

## Tsibirai a sararin sama

Kudu maso gabashin Arizona da kusurwar Niyu Meksiko da ke maƙwabtaka da ita hamada ce da filayen ciyawa, inda zafin watan Yuni kan haura digiri 40 a kwari. A tsakiyar wannan shimfiɗa akwai duwatsu gommai, kowanne tsaye shi kaɗai. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na sauka da kamar digiri 6, ruwan sama kuma na ƙaruwa. Wanda ya taɓa tasowa daga Lafiya da rana ya kwana a Jos ya ɗanɗani wannan a jikinsa, alhali Jos mita 1,200 ce da 'yan kai. Mai tudun hanci sai daga wajen mita 1,500 yake fara bayyana, tsayin tudun Mambila ke nan, ya yi sama har kusan mita 2,700, wanda ya zarce Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya mai mita 2,419. A can sama daji ne na itatuwan oak da na fayin masu ganye kamar allura, da kwazazzabai masu inuwa, kuma dusar ƙanƙara na zuba da hunturu. Mutanen yankin na kiran waɗannan duwatsu tsibiran sama, domin hamadar da ke kewaye da su ta zame wa halittun kansu tamkar teku.

Ta ina ya hau, tunda ba zai iya ratsa hamadar ba? Amsar ita ce dajin ne ya hau da shi. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya na cikin tsananin sanyi, wannan daji ya sauko har kwari ya haɗe da manyan duwatsun Sierra Madre na yammacin Meksiko, inda asalin zuriyar take. Da duniya ta ɗumama, wajen shekara 10,000 baya, kwarin ya bushe, dajin ya riƙa janyewa sama, macizan na biye da shi. Kamar kogi ne in ya janye da rani ya bar kifi a kududdufai, kowane rukuni a nasa, babu hanyar ziyarar juna.

Rabuwar ta yi tsawon da har kamanni suka bambanta, masana suka kasa su reshe biyar. Na Arizona yana duwatsun Huachuca, Santa Rita, Patagonia da Whetstone. Uku suna Meksiko kaɗai, daga Sonora da Chihuahua har Durango da Zacatecas. Na biyar, wanda ake kira obscurus, shi ne abin tausayin. Launinsa toka-toka ne, ba shi da farar tsagar fuska, kuma duk duniya duwatsu uku kawai yake da su: Animas a Niyu Meksiko, Peloncillo a kan iyakar jihohin biyu, da Sierra San Luis a tsallaken iyaka cikin Meksiko. Duwatsun Chiricahua kuwa, da ke tsakanin Huachuca da Peloncillo, manya ne kuma suna da irin dajin da yake so, amma babu shi a can. Wuri na iya dacewa da dabba ɗari bisa ɗari ya zauna wayam in babu hanyar isa gare shi, kuma wannan ya nuna cewa dutsen da ya rasa nasa macizan ba zai samu wasu su zo su maye gurbi ba.

Ba shi kaɗai ne mai son tudu ba. Wani ɗan'uwansa mai ɗigo bibbiyu a baya, Crotalus pricei, yana haura mita 3,000 a Arizona, kuma Crotalus triseriatus na tsakiyar Meksiko ana samunsa sama da mita 4,000 a gefen duwatsu masu aman wuta.

## Yadda mai sanyin jini ke rayuwa inda ƙanƙara ke zuba

Maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, aro yake yi daga rana da dutse. Shi ya sa shekarar mai tudun hanci gajera ce. Da sanyi ya kama, wajen Nuwamba, sai ya shige tsagar dutse can ƙasa inda ƙanƙara ba ta kaiwa, ya kwanta watanni ba ci, zuciya na bugawa a hankali. Barcin kasa da ake yi wa kirari wasa ne a kan wannan. Da bazara yake fitowa, kuma da yake dare a kan tudu sanyi gare shi, yawancin harkarsa da rana ce, saɓanin 'yan'uwansa na hamada masu yawon dare.

Yanayin yankin ya yi kama da namu ta wata fuska. Mayu da Yuni fari ne da zafi, kowa na kallon sama. A farkon Yuli hadari ke tasowa daga kudu, a yi ta ruwa da tsawa da yamma har tsakiyar Satumba. Wannan 'yar damina ita ce kakar macijin, a cikinta yake farauta sosai, a cikinta yake barbara, a cikinta yake haihuwa.

Maganar haihuwar nan ita ce gindin komai. Ba ya yin ƙwai. Ƙwan da aka binne a ƙasa mai sanyi irin ta can ba zai ƙyanƙyashe kafin hunturu ya dawo ba. Don haka uwar ce ke riƙe 'ya'yan a ciki, ta fito hantsi ta gasa jiki, zafi ya yi yawa ta koma inuwa, tana juya su tsakanin rana da inuwa kamar mai shanya. Wani abin mamakin kuma, barbarar da aka yi a daminar bana ba ta zama ciki nan take. Macen na ajiye maniyyin a jikinta duk tsawon hunturu, sai da bazara cikin ke shiga, ta haihu a ƙarshen Yuli ko Agusta na baɗi. Kusan shekara guda ke nan daga haɗuwa zuwa haihuwa.

'Ya'yan kan kasance tsakanin 2 da 9, galibi biyar ko kusa da haka, kowanne bai fi taƙi ɗaya ba. Mai ciki ba ta cika cin abinci ba, don haka tana haihuwa a rame, sai ta yi aƙalla shekara guda tana mai da jiki kafin ta sake ɗauka. A kwatanta da kasa, wadda ita ma haihuwa take yi, amma takan zubar da 30 ko 40 a zama ɗaya. Camfin nan na cewa 'ya'yan kasa farke cikin uwarsu suke yi su fito ba gaskiya ba ne, lafiya lau take tashi. Abin lura dai shi ne lissafin: macen da ke ba da biyar duk shekara biyu, mafi yawansu kuma shaho da wasu macizai masu cin macizai su cinye tun suna ƙanana, da ƙyar take maye gurbin kanta da mijinta. A ɗauke manyan mata goma daga kwazazzabo ɗaya, an kashe masa kasuwa na shekaru.

Uwar ba ta watsar da su ranar haihuwa. Masu bincike sun sha ganin iyaye mata a wannan dangi suna zama kusa da jarirai mako ɗaya zuwa biyu, har su yi saɓar farko, sannan kowa ya kama gabansa. Abin da masu kallon kyamarar Kolorado suka fi mamaki ke nan, ganin jarirai kwance a kan manya.

Jaririn da ya kama gabansa kuwa yana da farautar da ta cancanci a tsaya a kalla. Bakinsa bai isa haɗiye ɓera ba. Sai ya naɗe cikin busasshen ganye ya ɓace, ya ɗaga ƙarshen wutsiya kaɗai, wadda a wasu rawaya ce a wasu baƙa, ya riƙa murɗa ta a hankali kamar tsutsa. Ɗan ƙadangare ya hango daga kan dutse, ya gyaɗa kai, ya sauko da gudu zai yi kalaci, ya zama kalacin wani. Ɗayan abincin yarinta shi ne shanshani, irin manyan nan da tsawonsu kan yi kusa da na jaririn macijin, masu nasu dafin. In ya girma sai ya ƙara da ɓeraye da ƙananan tsuntsaye. Ɓera sara ɗaya yake masa ya sake shi, don kada ya cije shi, sannan ya bi sawun da harshe har inda ya faɗi.

## Abubuwan da ake faɗa waɗanda ba haka suke ba

An fi yaɗa cewa in ka ƙirga zobban wutsiya ka san shekarunsa. Da yake saɓa ce ke ƙara zobe, kuma yaro mai girma na iya yin saɓa sau uku ko fiye a shekara, ga shi tsofaffin zobban na karyewa a tsakanin duwatsu, ƙirgar ba ta gaya maka komai sai yawan saɓar da ya yi tun karyewar ƙarshe.

Ana kuma cewa jariri ya fi babba haɗari wai don bai iya taƙaita dafi ba. Wannan magana ta shiga bakin har wasu ma'aikatan lafiya a Amurka, amma binciken saran da aka kai asibiti ya nuna akasin haka. Babba ya fi tara dafi nesa ba kusa ba, kuma saransa ya fi muni.

Wanda ya fi jefa mutane cikin wahala shi ne zaton dole sai ya yi ƙara kafin ya yi sara. Sau da yawa shiru ne makaminsa na farko, musamman irin na kan tudu, kuma wanda aka taka ba zato ba ya tsayawa sallama. Jariri sabon haihuwa ma ɗan maɓalli ɗaya ne a wutsiyarsa, ba ya ƙara ko ya kaɗa. Akwai ma iri guda a tsibirin Santa Catalina na tekun Kalifoniya da zobbansa ke zubewa duk saɓa, ba shi da kacau-kacau sam.

Ɗaya kuma ya shafe mu kai tsaye, tunda mu masu sare kan maciji ne. Kan da aka datse yana iya sara, da cikakken dafi, har bayan awa guda ko fiye. A 2018 wani mutum a Teksas ya kusa rasa ransa a haka, ya datse kan ya kai hannu zai ɗauka.

## Daga ina barazanar take?

A nan akwai gyaran da ya kamata a yi wa masu cewa macijin na gab da ƙarewa. Ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari ta sa jinsin gaba ɗayansa a rukunin da babu fargaba sosai a kansa, saboda faɗin mazauninsa a Meksiko. Reshen obscurus ne gwamnatin tarayyar Amurka ta sa a jerin masu fuskantar barazana a 1978, ƙarƙashin dokar 1973 ta kare halittun da ke neman ɓacewa. Arizona kuma ta haramta kama kowane mai tudun hanci a cikin jihar.

Abin da ya fara jawo dokar ba masu tsoron maciji ba ne, masoyansa ne. Da labari ya bazu cewa akwai wani iri a duwatsun Animas da babu shi a ko'ina, masu tara macizai suka yi wa wurin tsinke a shekarun 1960 da farkon 1970. Suna ɗaga duwatsu, suna farfasa ruɓaɓɓun kututtura, su kwashe abin da suka samu su sayar wa masu ajiyewa a akwatin gilashi. Ƙarancinsa ya ƙara masa tsada, tsadar ta ƙara masa ƙaranci. Har yau ana fasa-ƙwaurinsa, shi ya sa masana ba sa bayyana takamaiman wurin da suka gan shi.

Yanzu wuta ce ta fi damun masu kula da shi. Zobban cikin tsofaffin itatuwa sun nuna cewa a da, duk 'yan shekaru tsawa kan kunna wuta ta lashe ciyawar ƙasa ta wuce, manyan itatuwa na tsaye. Daga shekarun 1880 aka cika yankin da shanu suka cinye ciyawar da ke ɗaukar irin wannan wuta, daga baya hukumar gandun daji ta ɗauki manufar kashe kowace wuta da zarar ta tashi. Shekara ɗari ana tara makamashi. Da wuta ta samu shiga sai ta hau har kan itatuwa ta ƙone dajin ƙurmus. A Yunin 2011 wata gobara da aka raɗa wa suna Monument ta cinye kimanin hekta 12,000 a duwatsun Huachuca, ta haɗa da gidaje gommai. Da damina ta sauka a kan tudun da ba ciyawa, laka da duwatsu suka gangaro suka cike kwazazzabai, wato ainihin ɗakin kwanan macijin.

Ɗumamar yanayi na tura dajin ƙara sama, kuma wani bincike da aka wallafa a 2015 kan macizan Animas ya nuna su ma suna matsawa sama. Dutse kuwa tsini gare shi, kana hawa fili na raguwa, daga ƙololuwa kuma sai sarari. Ga katangar kan iyakar Amurka da Meksiko da aka fasa duwatsu da nakiya aka gina a kudancin Peloncillo a 2020. Tazarar ƙarafanta, kamar santimita 10, ta ishi ƙaramin maciji wucewa, amma hanyoyin mota da aka yanka domin aikin sun daddatsa dajin.

## Makiyaya, masana da masu fetur

Masu kiwon shanu a yankin sun daɗe suna kallon dokar 1973 a matsayin igiyar da mutanen birni ke ɗaure musu hannu da ita, kuma ba a rasa gaskiya a kukansu ba. Abin dariyar shi ne a Peloncillo makiyayan ne suka nemi a dawo da wuta. A 1994 suka kafa ƙungiyar Malpai, suna son a riƙa ƙona daji bisa tsari don ƙayoyi su ragu ciyawa ta dawo, kusan dalilin da ke sa makiyayinmu ƙona daji neman toho. Sai hukumar kare namun daji ta ce a dakata, akwai macijin da doka ke karewa a wurin. Takardu suka yi ta kai da kawo.

A ƙunar da aka tsara ta 1997 masana suka bi sawun macizai tara na kan tudu da 'yan na'urorin rediyo. Takwas da wuta mai sauƙi ta bi ta kansu sun shige ƙarƙashin duwatsu sun fito lafiya, ɗayan da wuta mai tsanani ta rutsa da shi ya mutu. Tara ba adadi ne mai yawa ba, amma ya nuna hanya: a ƙona da wuta mai sanyi, a kauce wa kwazazzabai masu duhuwa. A ganina makiyayan sun fi kusa da daidai tun farko, domin hana ƙaramar wuta shi ke gayyato babba, kuma babbar ce ke kashe macijin.

Kada kuma Kawu ya ɗauka duk Amurkawa masoya maciji ne. A garin Sweetwater na Teksas, tun 1958, duk watan Maris ake bikin kamun babban mai kacau-kacau na hamada, a yanka, a soya, a sayar da fata. A 2016 abin da aka kawo ya kai kusan tan 11. Ɗaya daga hanyoyin fito da su daga rami kuwa ita ce fesa fetur. Masu adawa na cewa fetur ɗin na kashe duk wani mai rai da ke ramin ya kuma gurɓata ƙasa, masu bikin na cewa al'adarsu ce kuma garin na samun kuɗi. Ƙasa ɗaya ce, wani maciji ana auna shi a sikeli, wani kama shi laifi ne.

## Ina ruwan talaka?

Ga mazaunin gindin duwatsun, haɗarin ɗan kaɗan ne. Dafin mai tudun hanci na kawo zafi da kumburi, kuma wajibi ne a je asibiti, amma abin da yake zubawa kaɗan ne, kuma babu mutuwar da aka rubuta ta dalilinsa. 'Yan rahotannin saransa galibi na masu kai masa hannu ne. Abin da mutanen wurin ke samu daga kare mazauninsa ya fi yawa. Ruwan da ke sauka a dajin Huachuca shi ke tsuma ƙasa ya ciyar da rijiyoyin garin Sierra Vista da kogin San Pedro, kuma masu zuwa kallon tsuntsaye a kwazazzabon Ramsey suna cika masaukai da gidajen abinci. Daga dafin wani ƙaramin mai kacau-kacau na kudu maso gabashin Amurka aka samo tsarin maganin eptifibatide da ake ba masu ciwon zuciya don hana jini daskarewa, kamar yadda aka samo tirofiban daga dafin wata 'yar'uwar kububuwa ta Asiya.

Alƙaluma ne ke nuna dalilin da ya sa su suke iya kallon maciji a kyamara mu kuma muke neman sanda. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce macizai masu dafi na saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara a ƙasar, kimanin biyar ke mutuwa. A Najeriya ƙiyasin mace-macen na kusan 2,000 a shekara, mafi yawa manoma da makiyaya, kuma kububuwa ce kan gaba. In ba a yi allurar kashe dafi ba, tana kashe mutum ɗaya zuwa biyu cikin kowane goma da ta sara. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, tana ƙiyasta mutuwar 81,000 zuwa 138,000 a duniya duk shekara. Ba don macizansu sun fi namu kirki ba ne. Suna shiga daji da takalmi mai rufi, motar asibiti na zuwa, allura na nan, ko da yake kuɗinta kan kai dubban daloli kowace kwalba har mutum ya warke ya kwanta ciwon bashi. Shawarar likitoci kuwa ɗaya ce can da nan: kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci kan baƙin dutse, a cire zobe da awarwaro, a hana wurin motsi, a nufi asibiti.

Da na gama zuba, Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, “To in an kawo mana allurar tasu, za ta yi wa kububuwa?” Na ce masa a'a. Kowace allura da dafin macizan da aka nufa ake haɗa ta, ana yi wa doki ko tunkiya shi kaɗan-kaɗan har jininsu ya samar da makari. Ta Amurka da dafin macizan can aka yi ta. Wadda aka yi domin kububuwarmu, EchiTAb, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta, iri ɗaya a jikin tumaki a yankin Wales na Birtaniya, ɗayan a jikin dawaki a cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika, sannan a yo jigilarta zuwa asibitoci irin na Kaltungo a jihar Gombe, inda gadaje ke cika duk lokacin shuka da girbi.